Satifika Mai Huji Huɗu

Ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar da mota ta cinye mini suna ba. Shekarar da aka samu 'yancin kai ce, na gama lakol, wato makarantar boko, ina ji da kaina. Na sa satifikata cikin kwali mai kauri, na hau kamyon gyaɗa daga Sae Sabuwa zuwa Maraɗi neman aikin buro, wato ofis, kuma ran nan ake rufe ɗaukar ma'aikata.

Ba mu yi nisa ba sai muka ji fiit! Direban, wani dattijo mai tsoron hukuma, ya taka birki, ya sauko ya cire hula yana jiran jandarma. Babu kowa sai jaki. Sau uku muna haka kafin ya gane injinsa ne ke yi masa usur.

Ya kunna taba ya kara kusa da bututun da ke kai iska cikin inji, hayaƙin ya zurare ta wata kafa. "Juwan ya ci," in ji shi, wato takardar da ke toshe tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Muka zaga ƙauyen da ke kusa neman abin da za a yanka a maye gurbinsa. Maƙeri ya miƙo mana hauya, baduku kuwa ya tafi kasuwa.

Sai idon direba ya faɗa kan hammatata. "Ɗan lakol, ara mini kwalin nan."

"Ga shi, Baba," na ce, don a ga wayewata. Gaggawa ta hana ni tuna abin da ke ciki.

Ya ɗora kan bututu ya bubbuga da guduma, ya yanke. Kwalin ya zauna daram, mota ta tashi lafiya lau. Sannan ya miƙo mini satifikata da huji huɗu, na biyu daidai kan sunana. Wallahi sai da na yi hawaye.

A buro, shugaban ya ɗaga takardar ya leƙo ni ta huji. "Wane ne kai? Nan dai ba kowa." Da na ba shi labari sai ya miƙe zumbur: motar buro wata uku tana wannan usur! Na ce ai na ga yadda ake yi. Ya sa na auna da satifikar na yanko wani juwan, ya kuwa yi daidai.

Nan take ya ɗauke ni aiki a garejin buro. Shekara talatin na yi a garejin nan, ban taɓa zama kan kujerar buro ba. Abin da na koya shi ne, kafin ka ba da aron abu don burga, buɗe ka duba cikinsa.