Agwagin da Neville Treloar Ya Ƙirga

Shekara talatin da takwas Neville Treloar ya yi yana gyaran famfo a Kerrabin, amma ba a yabe shi a kan famfo ko ɗaya ba. Abin da aka san shi da shi shi ne tsayuwa a bakin dam, madubin hangen nesa a wuya, yana ƙirga agwagin da ba su san yana yi ba. Matarsa Glenys takan ce da tana da baki mai faɗi da ƙafa irin ta agwagwa, da ya san ranar haihuwarta.

Ƙirgar nan kuwa ba wasa ba ce. Kafin a buɗe farauta kowace shekara, in aka samu agwagwa mai launin zabo da yawa a ruwa, hukuma takan rufe wurin, don irinta ya kusa ƙarewa. Sau shida takardar Neville tana rufe dam ɗin. Mafarauta sun tsane shi tsana mai tsafta, ana gaisawa.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ɓoye wa kowa, har likita.

Ranar Laraba, saura kwana uku a buɗe, ya hango agwagi can gefen kacala, doguwar ciyawar ruwa, baƙi-baƙi, jere, ko motsi ba sa yi. Haka mai launin zabo take da rana, kwanciya kamar an dasa ta. Ya ƙirga sittin da ɗaya, ya buga wa hukuma waya.

Jami'ar da aka turo, Tegan, ta ɗora nata madubin ta daɗe.

"Mista Treloar, na roba ne."

"Ƙara dubawa, yarinya."

"Akwai igiya a wuyan kowanne."

Merv Hosking mafarauci ne ya jera su tun Talata don ya kama wuri, su kuma jawo masa agwagin gaske. Yana jingine da motarsa yana cin burodi da tsiran nama.

"Nev, abokina, saka su a littafi. Shekara goma ina da su, ko ƙwai ba su taɓa yi mini ba."

Neville ya roƙi Tegan ta zagaya bayan kacalar da kwalekwale, ya ce ya ji kukansu. Ta duba agogo. Tana da dam huɗu da za ta duba kafin yamma, kuma yanzu ta ga irin ƙirgarsa. Ta sa hannu a takarda a buɗe farauta.

Asabar da safe Glenys ta rufe tagogi, amma ƙarar bindiga ba ta neman izini. Da hantsi Neville ya sa dogon takalmi ya shiga bayan kacalar, inda mafarauta ke yar da abin da doka ta hana su ɗauka. Sai da ya kawo kowace matacciyar agwagwa dab da hancinsa kafin ya ga zanen gashin. Goma sha tara masu launin zabo, da sauran ɗumi a jikin biyu.

Ya jera su a kan ciyawa, ya kira Tegan. Ta ce za ta zo Litinin.