Telan da Ya Ɗinka wa Gada Labule

Shekara ashirin da shida Tela ya yi a ɗan shagonsa na bayan tasha, inda hanya ke gangarawa bakin kogi, kuma ba a taɓa jin wanda ya kawo masa yadi mai tsada sau biyu ba. In ya ɗinka riga, hannun dama kan ɗara na hagu, in ka yi magana ya ce kafaɗarka ce a karkace. Faci ne ya riƙe shi, da sa zif, da rage wandon uba ya koma na ɗa. Matarsa 'yar tsallaken kogi ce, wato a takarda 'yar wata ƙasa, ko da yake daga ƙofar shagon ana hango bishiyar gidansu. Ita ke ƙetarawa a kwalekwalen ƙaninta ta saro kwanuka da bokitai, da ribarta ake cefanen rabin wata, amma wannan ba zancen da Tela ke yi a cikin mutane ba ne.

Shekara bakwai ana ginin gadar. Ranar aza harsashi an ce biliyan tamanin za ta ci. Da aka gama, rediyon nan ya ce ɗari biyu, na tsallake ya ce ɗari uku, kowanne yana rantsuwa ƙasarsa ce ta fi zuba kuɗi. Sai rigimar suna ta ɓarke. Manyan nan suka ce sai sunan ministan da ya ciyo bashin ginin, na can suka kafe a kan wani tsohon shugabansu da ya mutu bai taɓa ganin kogin ba. Aka kafa kwamiti, ya yi zama goma sha huɗu a otal, abin da aka cimma kawai shi ne ranar zama na gaba.

Saura kwana uku a buɗe gada, sakataren kwamiti ya faɗo shagon Tela yana sharce gumi. Manyan telolin gari duk sun duƙufa kan kayan da manya za su sa ranar. Labule yake so, yadi shida, da za a rufe allon dutsen da aka kafa a bakin gada domin suna. Labule ba shi da hannu, ba shi da kafaɗa, saboda haka ya fito daidai. Ranar buɗewa aka yanka ƙyalle, aka tafa, aka yi jawabi har la'asar, amma ba wanda ya ja igiyar labulen. An ce sai kwamiti ya kammala.

Kafin wata uku rana da ruwan sama suka cinye yadin. Aka ɗinka sabo kore, mutanen tsallake suka ce ai launin tutar nan ne, aka koma ruwan toka. Sakatare ya ja Tela gefe ya ba shi shawara ya daina sayen yadi mai kauri, tun da ba gadon 'ya'yansa ba ne. Tela ya gane karatun. Duk wata biyu ya hau tsani ya sauke tsumma ya rataya sabo, sakatare ya miƙo masa takarda a ninke ya sa hannu, a ba shi abin da bai taɓa samu a faci ba. Bai taɓa buɗe ninkin ba. Tun kwamiti na can yana gardama, mutanen gari suka riga suka raɗa mata suna, Gadar Labule.

Daga nan Tela ya fi ƙarfin faci. Ya sayi jakar hannu da tabarau, ya sa aka rubuta “Ɗan Kwangila” a saman ƙofa. Wanda ya kawo wando yagagge sai ya nuna masa shagon gaba da leɓe. Da hantsi yakan zauna a bencin mai shayi yana wayar wa jama'a da kai, wai masana sun ce motoci dubu biyu za su riƙa ƙetarawa kullum, arziki zai yi yawa har a rasa inda za a zuba shi. Shi kuwa daga kan tsaninsa mafi yawan da ya taɓa ƙirgawa goma sha ɗaya ne, ciki har da motar da ke kai wa masu gadi ruwa. Kuɗin ƙetarawa ya fi ribar buhu, ga takardar izini da sai an je babban birni, tafiyar awa huɗu, kafin a buga mata hatimi. In aka tambaye shi me ke bayan labulen, sai ya gyara tabarau ya ce sirrin gwamnati ne. Dutse ne fari fat, ko wasali babu a jikinsa.

Wata safiya saƙo ya zo surukarsa ba lafiya. Matarsa ta yafa mayafi za ta gangara bakin ruwa, Tela ya ce ba zai yiwu matar ɗan kwangilar gada ta shiga kwalekwale kamar kowa ba. Ya ɗauki shatar mota. A shingen gada mai gadi ya gaishe shi da fara'a, ya tambayi aiki, sannan ya nemi takarda. Tela ya nuna masa labulen da yatsa. Mai gadi ya ce ya sani sarai, amma labule a wannan gefen shinge yake.

“Maigida, ka tsaya ka gama da su a hankali,” in ji matar, “ni uwa gare ni.”

Ta sauka ta bi gangare. Yana nan yana buɗe jaka yana rufewa ya hango ta a ƙasa, kwalekwale ya raba ruwa da ita. Sai bayan azahar ya haƙura ya bi sawu, ya shiga kwalekwale rungume da jakarsa a kan gwiwa. Ƙanin matar, wanda dama akwai wasa tsakaninsu, ya bi da shi ta ƙarƙashin gada a hankali.

“Yaya, kada ka ce ba ta da amfani,” ya ce. “Tun da aka yi ta fasinjojina suke tafiya a inuwa, har na ƙara kuɗi.”

Tsohuwa ta samu sauƙi, amma labarin ya riga Tela dawowa gida.

A shekara ta uku gwamnati ta sauya. Aka sasanta a kan suna mai kalma goma sha ɗaya, da minista da tsohon shugaba da zumunci duk a ciki, bai shiga allon ba, aka yi odar wani daga ƙasar waje. Sabbin manya suka kafa kwamitin binciken kuɗin gada. Ƙarfe da siminti suka gagare su lissafi, amma suka gano an kashe miliyan arba'in a labule, ga kuma sa hannun Tela a takarda goma sha shida. Sakatare lokacin an ƙara masa girma, ya koma babban birni. Kwana biyu Tela ya yi a ofishin 'yan sanda yana rantsuwa bai san abin da ke cikin takardun ba, rediyon ƙasashen biyu suka yi ta maimaita zancensa, karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya. Da aka zo ƙwace dukiyarsa aka tarar da keken ɗinki mai tari, da tsani, da jaka ba komai a ciki, sai aka sallame shi. Matarsa ce ta biya kuɗin motar da ta mai da shi gida.

Yanzu ya goge rubutun saman ƙofa ya koma faci, sai dai rabin masu kawo masa sun saba da shagon gaba. Ya rame kaɗan, ya rage zama wurin mai shayi. Kwanan baya wani direba ya kawo wando a sa masa zif, yana jira yake cewa ya ji za a gina wata gadar a can gaba, wadda ta fi wannan girma. Tela ya tsayar da keke, ya cire zare daga baki, ya tambaye shi ko ya san wanda aka naɗa sakatare.