Gamanar Yaya Saude

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Saude a wani ƙauye kusa da Tchake, kuma wallahi har yau ban huce ba.

A wajenmu gandu na maigida ne, duk gida ke noma shi. Matar kuma sai ya yanka mata ɗan yanki, gamana, ta noma abin kanta. Wadda mijinta Malam Ilu ya yanka wa Yaya fako ce, ƙasa mai taurin da ko ƙarangiya ba ta fitowa. Shekara shida tana haƙa ramuka da rani, tana ɗauko takin awakinta a ka tana zubawa, tana tattalin 'yan tsiron gawo kamar jarirai. In na zo hutu daga Mayahi, inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, sai in iske tafin hannunta duk ya tsattsage. A ƙarshe gero ya tsaya a wurin, har ya fi mutum tsawo.

Shekarar da baƙin wani furoje, shirin taimakon manoma, suka zo kallon gonar, Malam Ilu ya zuba babbar riga, ya tsaya gindin gawo yana ta bayani. Ita kuwa aka ce ta kawo fura. Da wata baƙuwa ta tambayi wanda ya haƙa ramukan, sai ya yi dariya ya ce, "Mata dai sukan ɗan taya ni." Kafin damina ta zagayo ya haɗe gamanar da gandu, ya nuna mata wani fakon a bayan gari.

Ta ce, "Malam, ƙasar nan fa ni na raya ta."

Ya ce, a gaban ƙannensa, "Ke da ƙasar duka na wa ne?"

Daga baya ta faɗa mini ba gonar ce ta fi ci mata rai ba. Ta ce da ko sannu ya yi mata, da ta bar mashi da zuciya ɗaya. Ta shiga haƙar sabon fakon, shekara biyu, ba ta ci amfaninsa ba ta koma ga Allah.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Mata na riƙe da salula, rediyo na ta maganar haƙƙinmu har kunne ya gaji. Amma je ka ƙauyen ka tambaya. Kowa zai nuna maka gonar Ilu mai gawo, ba mai ambaton Saude.

Watan jiya ɗiyarta Barira ta kira ni a salula. Mijinta ya yanka mata fako. Ta ce, "Inna, yaya marigayiya ke haƙa ramukan nan?" Sai na gaya mata zurfin da tazarar da yawan takin. To me zan yi? Da rani, in miji ya rufe rumbun gandu, daga gamana yara ke ci.

Abin da ya rage na Yaya ke nan, itatuwan da ake kira da sunan wani, da awon ramin da na miƙa wa ɗiyarta da bakina, alhali na san sarai wanda za ta gyara wa ƙasar.