Mutumin da hannunsa ya zama lauje

Inna tana soya gahawa a tsakar gida, ni kuma ina karanta mata labarin da na rubuta, irin na banbaraƙwai ɗin nan da hankali ba ya ɗauka.

Wani ɗan ƙwadago ne ya yi ta yankan dawa a gonakin Gadambaliya ta ƙasar Sudan har hannunsa ya rikiɗe ya zama lauje. Da ya dawo gida garin Gadarif, duk wanda ya dafa wa kafaɗa wajen gaisuwa sai jallabiyarsa ta yage. Mutane suka koma yi masa sallama daga nesa.

Na jira ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Wa yake ba shi abinci?" in ji ta.

"Inna, ƙagaggen labari ne fa."

"Ya waladi, ɗana, dole akwai mai ba shi. Babanku, Allah ya jiƙansa, in ya dawo daga yankan dawa yatsunsa ba sa miƙewa. Sai na kora ku waje nake ba shi tuwon asida a baki."

Ta ci gaba da juya gahawarta.

Ni da nake zaton daga kaina na ƙago mutumin nan. Marubuta, kun taɓa ƙirƙirar dodo ku tarar ɗan gidanku ne?