Ankon da Ya Fito daga Tukunyar Baba

Shekaruna a bakin tukunyar baba, shuɗin rini, sun fi na wasunku a duniya, kuma ranaku da yawa sun ɓace mini. Amma ranar bikin Nafisa, wannan ban taɓa mantawa da ita ba. Ku matso, ƴan koyo, tunda kullum kuna tambayata abin da ya sa nake tsame zane tun bai yi baƙi wuluk ba.

Lokacin ni ce shugabar ɓangaren rini a gidan koyon sana'a na mata, nan Dakoro. Sama da ni akwai darektiris, Madan Hadiza, ita ke riƙe da makulli da takardu. Ƙasa da ni monitiris biyu, malamai mata, da ƴan koyo irinku. Ban yi lakwal ba, wato boko, amma ba mai taɓa tukunya sai da izinina, har ita Madan ɗin.

Madan ta daɗe da daina sayen sabon zane. Wata maƙwabciyarta ce ta sayar da akuya mai ciki don ta yi anko, ta ɗaura shi wuni ɗaya ta jefa akwati. Tun daga nan Madan ta ce ita da shagon atamfa sai gaisuwa. Abin da ke akwatinta take kawo mana mu tura. Turi, ga wadda ba ta sani ba, shi ne a mai da tsohon tufa tukunya, ya sha baba, a buge shi ya fito da ƙyalli.

To, bayan girbi anka sa auren ɗiyarta Nafisa da wani yaron Maradi. Uwar ango, Hajiya Rabi, danginsu ce ta nesa, kuma babbar mai sayar da atamfa ce. Madan ta kira ni biro, wato ofishinta.

"Inna, ba zan fitar da anko ba. Kowace mace ta kawo tsohon zanenta, ki tura mana su zama iri ɗaya. Zai yiwu?"

Na ce, "Madan, ki kawo su ki koma ga takardunki."

Na jiƙa baba da ruwan toka, na bar shi ya tashi har kumfa ta hau. Zannuwa sunka zo daga Birnin Lalle, daga Tagriss, daga kowace unguwa. Munka wanke, munka tsoma, munka shanya, munka sake tsomawa. Ana jibi biki tukunya ta gaji, ba ta ƙara kamawa, kuma sabuwa ba ta tashi a kwana biyu.

Da zannuwan sunka bushe, ba biyun da sunka yi kama. Mai ruwan ɗorawa ya koma kore, ja ya koma ruwan hanta. Kuma adon kowace atamfa yana nan a ƙarƙashin shuɗin, yana leƙowa: nan fure, can tsuntsu.

Madan ta tsaya gaban igiya ta dafe ƙirji.

"Inna, kin kashe ni. Matar nan atamfa ce sana'arta. Za ta koma Maradi ta ce dangin amarya da tsumma sunka tarbe ta."

Na ce, "Tsumma? A hannuna? Ki bari a buga su tukuna."

Bakina ne kawai ya faɗi haka. Munka shimfiɗa su kan gungume, mabugai sunka yi ta sauka har makwabta sunka fito kallo. Sun yi ƙyalli kam, amma ɗaya ba su zama ba.

Ranar wuni motocin Maradi sunka iso. Hajiya Rabi ta sauko cikin leshi mai ɗaukar ido, matanta a baya, kansu ɗaya kamar an zana su. Mu kuwa ga mu nan, kowa da nata shuɗin. Madan ta tarbe su da gaisuwa.

Hajiya ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan Gwaggo A'i, wata tsohuwa daga Birnin Lalle, sai ta tsaya. Ta kama bakin zanenta, ta ɗaga shi ga rana. Sai ga adon zabi yana leƙowa a ƙarƙashin shuɗin.

"Gwaggo, ina kika samu wannan mai zabin?"

"Ke kika aiko mini shi, ƴar nema. Kin manta?"

Hajiya ta saki salati. "Ankon sunan Sani ne! Ni na zaɓe shi da hannuna. Nawa ya mutu tun yaron bai fara tafiya ba." Sani shi ne angon. Ta rungume tsohuwar tana dariya, hawaye na zuba.

Gwaggo ta ce, "Sake ni, kar ki ɓata mini bugu."

Shi ke nan, wuri ya ɓarke. Kowa ta miƙo zanenta Hajiya ta duba, ita kuwa ta san kowace atamfa kamar ɗiyan cikinta. Wannan na bikin wance ne, wancan na walimar dawowar wane daga Makka. Wata ƙanwar Madan da kullum take rage shekarunta, anka gane nata ankon auren Madan ɗin ne, kuma ta ɗaura shi tana budurwa. Mata sunka yi mata caa, ta rufe fuska da mayafi. Ƴan Maradi masu leshi sunka koma gefe, ba mai tambayarsu komai, har ɗaya ta ce, "Mu namu ba shi da labari."

Da za su tafi, Hajiya ta sa anka kira ni.

"Inna, ke ce mai kashe mini kasuwa?"

Na ce, "Hajiya, ke kike haifarsu, ni raino kawai nake yi."

Ta yi dariya har ta riƙe ƙofar mota. Madan na bayana, tana matsa hannuna kamar za ta karya shi.

Kasuwa ta zagayo, sai ga direba da buhu shaƙe da tsofaffin zannuwan Hajiya. Ya ce ta ba shi saƙo ɗaya, ta sa ya maimaita har ya haddace: "A gaya wa Inna kar ta rufe su duka. Ta bar mini inda zan gane su."

Abin da na koya ke nan, bayan na tsufa a sana'ar. Da ina tsammanin gwanintar marini ita ce ya ɓoye tsufan tufa. Ashe matar da ta kawo miki tsohon zane ba don ta manta da shi ta kawo ba. Don haka in kun tsoma, ku ɗaga ga rana. In kuna ganin zabin, ku tsame.