Baƙin Gashi a Tsagar Bango

Shekaranjiya ina zaune gaban mai kitsona a Dogon Dutsi, ta lakato man shanu za ta shafa mini, sai ƙamshinsa ya mai da ni gida. Kafin hankalina ya dawo ta tsaya da tsinke a hannu ta ce, “Hajiya, hurhura fa ta shigo da ƙarfinta.” Ɗiyata da ke gefe tana latsa waya ta ce a sayo baƙin rinin nan na kanti a rufe ta kawai. Na yi dariya. Bari in faɗa muku dalili, don su ban faɗa musu duka ba.

A wani ƙauye kusa da Matankari na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa. Mahaifiyata ta rasu ko yaye ni ba a yi ba, ban san fuskarta ba. Kaka ce uwa, ita ce komai nawa. Kanta fari fat, kamar audugar da take kaɗi.

Da rani, in an kimtsa hatsi a rumbu, maƙwabciyarmu takan zo ta yi mata kitso a inuwar gawo. In an gama, Kaka takan tsince gashin da ya zube, ta dunƙule shi, ta cusa a wata tsaga ta bangon ɗakinta. Haka mata ke yi a lokacin. Ba a barin gashi a ƙasa, kada tsuntsu ya kai shi sheƙa mutum ya yi ta ciwon kai, ko iskoki su same shi. Duk shekara kafin ruwa ya sauka kawuna yakan yi wa ɗakin yaɓe, duk shekara kuma sai ta tsaya a kansa ta ce, “Bar mini wurin ga.” Ya yi ta gunaguni, wai ruwa zai shiga.

Wata rana a bakin rijiya muka yi faɗa da wata yarinya a kan guga, ta murguɗa baki ta ce, “Tsohuwarki kanta ya yi hwari, ta kusa mutuwa, mu ga mai riƙon ki.” Maganar nan ta shige ni, tsoro ya kama ni na gaske. Na daina wasa nesa da gida. In Kaka ta kishingiɗa da rana sai in zauna in zuba wa ƙirjinta ido, in ga ko yana motsi.

Da ranar kitso ta zagayo, na kama zanen maƙwabciyar ina kuka, ina roƙo ta shafa wa Kaka shuni yadda matan aure ke yi, kan ya koma baƙi. A wautata, in gashin ya yi baƙi mutuwa za ta zo ta wuce ba ta gane ta ba. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki. Kaka ko murmushi ba ta yi ba. Ta tashi da kitsonta rabi, ta ja hannuna zuwa tsagar nan. Ta zura yatsa tana fito da farin gashinta, dunƙule bayan dunƙule, har can ciki ta zaro wani baƙi wuluk, duk ƙura, ta ɗora mini a tafin hannu.

“Na uwarki na,” ta ce. “Kitsonta na ƙarshe, nan ƙarƙashin gawon ga anka yi shi. Duba da kyau, ko sili guda babu hwari. Ya hana?”

Na ƙura wa gashin ido.

“Na so in ga kanta ya yi kamar nawa, Allah bai nuhwa ba. Hurhura ba kowa ka samun ta ba, ɗiyar ga. Ki roƙa mini ƙari, ni ma in roƙa miki.”

Ranar na fara taɓa wani abu na jikin mahaifiyata da wayona. Na sunsuna shi, ƙamshin ƙasa kawai na ji.

Kaka ta rayu har ta aurar da ni, ta goya ɗiyata, wannan mai latsa wayar. Ɗakin ya faɗi da wata damina, an gina na bulo a wurin. Yanzu share gashi ake yi a zuba a shara, yara masu wa'azi sun ce wancan camfi ne, ni ma ban musa ba.

Na ce wa mai kitso ta bar furfurar, ta ma fito da ita gaba inda za a gani. Ɗiyata ta turo baki ta ce, “Inna, za a ce kin tsufa.”

“Ai abin da aka yi ta roƙa mini ke nan,” na ce.

Alhamdu lillahi, addu'ar Kaka ta karɓu. Na wuce shekarun mahaifiyata da nisa, kuma ɗiyata tana ganin farin kan uwarta har yana ba ta haushi. Ni gashin tawa uwar a tafin hannu na gan shi, baƙi.