Madam Zahara'u da Turancin Hanyar Kumasi

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe bakwai da rabi ba ta taɓa riskar Madam Zahara'u a hanya ba. Takan fito daga gidanta a Malbaza da jakar da ta sha ɗinki, allinta a cikin gwangwanin tumatir, ta gaisa da mai gadi, ta shiga aji ta goge allo da kanta domin ba ta yarda da gugar yara ba. A watan jiya ta yi ritaya daga koyar da Ingilishi a kwaleji. Ba a yi taro ba, ba a yanka ko kaza ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Mu da muka taso da Faransanci a lakwal, wato makarantar boko, Ingilishi dodo ne da ke jiran mu a kwaleji. Madam ba ta fara mana da dokokin nahawu ba. Kowace Litinin sai ta rubuta rabin jimla a saman allo, ta ja layi inda sauran zai shiga. Takan ce wannan kamar abin buga bulo ne, ƙira ɗaya ce amma bulo dubu za ta fitar. Mako guda muna kan "I want to", na gaba "I have never", can kuma "Can you show me". Kowa ya miƙe ya cike layin. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa: abin da za ka cike da shi dole ya zama gaskiya. Wanda ya ce ya taɓa zuwa Landan sai ta tambaye shi a wace tasha ya shiga mota, aji ya fashe da dariya. Da haka muka iya faɗin abin da muka karya da shi da wanda ya ɓata mana rai. Har yau ina kewar waɗannan safiyoyi.

Ina aji na uku aka zo makon "I am going to". Na miƙe ina hura hanci na ce: "I am going to leave school on Friday." Ba ƙarya na yi ba. Kawuna Tanimun, wanda ya riƙe ni a Dogarawa tun rasuwar mahaifina, direban babbar mota ne mai kai albasa daga Galmi zuwa Kumasi. A zango yana samun Hausawa, amma a shingen 'yan sanda da na kwastan bakinsa mutuwa yake, a tsare shi awa uku kan abin da magana biyu za ta warware. Da ya ji ina jero jimloli a tsakar gida sai ya ce ashe akwai tafinta a gida shi yana ta wahala, don haka da ni zai riƙa tafiya. Ni kuwa har na wanke takalmina don tafiya.

Madam ta ce jimlata daidai take. Sai ta ajiye alli, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a aji, ta yi mini Hausa: "Rabilu, mi kac ce?" Na maimaita mata, har da ƙarin bayani.

Ranar Laraba bayan an tashi ta hau taksi zuwa Dogarawa. Inna Asma'u, matar kawuna, ita ta shimfiɗa mata tabarma, kuma har yau tana ba da labarin. Ta ce Madam ba ta yi roƙo ba, ba ta kuma ambaci diraktan makaranta ba. Tambayar Kawu ta yi abin da yake son faɗa a hanya. Ya lissafa: ga takarduna, motata ta lalace, nuna mini hanya, gobe zan dawo, ban taɓa yin haka ba. Ta ƙirga a yatsu, ta ce ƙira biyar ke nan.

"Alhaji, in Turanci kaka so, ni ad da shi, ba yaron ga ba," in ji ta. "Ka bar min shi ya ƙare lakwal, ni in ba ka naka na kanka."

Kawu ya yi dariya, ya ce yana da shekara hamsin za a mai da shi ɗan aji. Ta ce wanda ya haddace hanyar Kumasi ba taswira, jimla biyar ba za ta gagare shi ba. Sai ya ce a gwada.

Wata biyar, duk Lahadin da yake gari, tana zuwa da la'asar. Ba ya karanta boko, don haka tana faɗa yana rubutawa da ajami a ɗan littafin da yake ajiyewa a aljihun mota. 'Yan tasha suka sa masa suna Ɗan Lakwal, bai fasa ba. Ran da ya dawo ya ce wani ɗan sanda ya amsa masa da "sir", gidanmu bai ji wani labari ba har mako.

Ni kuma fushi na yi. Na ƙwallafa rai a kan Kumasi, ga shi wannan mata ta tare mini hanya. Sauran shekarar nan ban ƙara gaishe ta ba, in na hango ta sai in bi bayan aji. Ta gani sarai, amma ba ta daina kirana in cike layi ba.

Madam, ke ce uwar 'ya'yan wasu. Ke ce kika saurari abin da ke cikin jimlar yaro bayan kin duba daidanta. Yau ni malamin asibiti ne a Illela, kuma duk allurar da na yi wa ɗan wani kina da lada a ciki. Ku malaman da kuka gaje ta, don Allah in yaro ya miƙe ya yi magana, ku ji abin da ya faɗa kafin ku ba shi maki.

Na gode, Madam. Allah ya ba ki lafiya da hutu mai albarka. Gaisuwar da na hana ki a waccan shekara ga ta nan, ta makara da shekara ashirin. Ki yafe mini.